Ga masu ɗaukar fim a zawiyya: ku raba sauti da hoto

'Yan'uwa masu haɗa fim kan zikirin ɗariƙu, ku ɗauki sauti da waya ta biyu, daban da kyamara. Ba sai kun sayi makirufo mai tsada ba.

Ku ba wani almajirin zawiyyar wayar ya ajiye ta kusa da mai jan baki, a kashe mata layi kada kira ya shigo. Ku kuma ku tsaya gefe. Kyamara daga nesa hayaniya kawai take kwasowa, alhali shauƙin da kuke son mai kallo ya ji yana cikin muryoyi da numfashi ne.

Wajen tacewa, in majalisin Ƙadirawa ne, bugun bandiri na farko ya ishe ku daidaita sautin da hoton.

A Gusau na ga dabarar ta ƙi, inda lasifika ke kusa da wayar, sautin duk ya fashe. Ku nisanta ta da lasifika da janareta.

Zikirin Juma'a na Tijjanawa bayan La'asar ake yi zuwa Magariba, haske na gudu, don haka ku fara ɗaukar fuskoki da wuri.

Kafin komai ku nemi izinin muƙaddami. In ya ce a sauke kyamara lokacin da aka shimfiɗa farin ƙyalle don karanta salatin Tijjanawa na Jauharatul Kamali, ku sauke, ku tambaye shi ko sautin ma a tsayar.