Yadda ake riƙe aikin nishaɗantar da fasinja a jirgin ruwan shaƙatawa

Duk wanda ya turo mini saƙo yana son aikin nishaɗi a manyan jiragen ruwan nan na masu yawon shaƙatawa, tambayarsa ba ta wuce biyu: nawa ake biya, kuma wace ƙasa da wace ƙasa zai gani. Ba wanda ya taɓa tambayata yadda ake barci. Alhali ni da na yi aikin a tekun Karibiyan da Bahar Rum, ban ga wanda aka sallama don bai iya raha ba. Waɗanda na ga sun haɗa jaka kafin kwantiragi ya ƙare, ko dai gajiya ce ta kayar da su, ko agogo, ko sun taka wata doka da suka ɗauka wasa ce.

Takardu tukuna, a gurguje. A idon doka kai ma'aikacin jirgi ne, daidai da mai goge injin, ko da kuwa makirufo kaɗai aka ɗauke ka ka riƙe. Don haka sai ka yi horon STCW, yarjejeniyar 1978 da ta tsara horar da ma'aikatan teku: kashe gobara, tsira da rai a cikin ruwa, taimakon gaggawa, da kiyaye kai da zama da abokan aiki. Jirgin fasinja yana ƙarawa da darasin sarrafa cunkoson jama'a. Sai gwajin lafiya wurin likitan da kamfani ya amince da shi, da littafin ɗan teku, da bizar ma'aikatan jirgi ta C1/D idan jirgin yana shiga Amurka. Yarjejeniyar aikin teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta hana dillalin aiki karɓar kuɗi a hannunka don ya sama maka gurbi. Kuɗin fasfo da na likita da na littafin ne kawai a wuyanka, biza kuwa mai jirgi ne zai biya. Duk wanda ya ce ka kawo na goro kafin a sa sunanka, ka kama gabanka.

Sashen nishaɗi ba abu ɗaya ba ne. A sama akwai daraktan nishaɗi, wanda muryarsa ce fasinja ke ji safe da yamma, da mataimakinsa, wanda shi ne ainihin mai tsara maka rana. Akwai 'yan rawa da mawaƙan babban zaure, da makaɗa, da masu fitila da sauti, da masu kula da yara. Sai mu, masu gabatar da wasanni, waɗanda ake jefawa ko'ina: kacici-kacici da safe, gasa a bakin wurin iyo da rana, karaoke (fasinja su rera waƙa a kan kiɗan da aka naɗa) da dare, casu a saman jirgi har ɗaya. 'Yan rawa na iya yin wasa biyu a dare ɗaya su huta gobe, amma sun sha gwaji na makonni a tudu kafin su hau, kuma gwiwarsu ce ke biya. Mu namu ba nauyi ba ne, tsawo ne. Kwantiragin yawancinmu wata shida ne zuwa takwas, kuma a cikinsa babu ranar hutu ko ɗaya. Sa'o'in hutu ake ba ka, ba ranaku ba.

A nan zan daɗe, domin nan ne aikin yake. Jadawalin gobe yana fitowa da daren yau. Kada ka kwanta ba ka karanta shi ba, kuma kada ka karanta shi don ganin abin da za ka yi kawai. Ka nemi giɓin da ke tsakani. Ranar da jirgi ya yini a teku, fasinja ba su da wurin zuwa sai wurinka, don haka za ka iya fara kacici-kacici ƙarfe tara na safe, ka yi ta kai da komo har azahar, a ba ka sa'a biyu ko uku da la'asar, sannan ka dawo ka tsaya a ƙofar zaure kana tarbar mutane, ka rufe da casun dare. Wannan giɓin na la'asar shi ne ranka. Sabon zuwa yakan kashe shi a hira ko a waya. Wanda ya daɗe yakan ci abinci cikin minti goma, ya rataye yunifom ɗin dare a goge, ya ja labulen gadonsa ya yi barci.

Doka ta ba ka hutun sa'a 10 a cikin kowace 24, da sa'a 77 a cikin kwana bakwai. Ba za a raba hutun fiye da kashi biyu ba, kuma kashi ɗaya dole ya kai sa'a shida. Kullum za ka shigar da sa'o'inka a na'ura. Ka rubuta gaskiya. Idan jadawali ya ci maka hutu, ka faɗa wa mataimakin darakta tun da dare, cikin ladabi, kafin abin ya faru. Shi ma ba ya son a ga jan layi a rahotonsa, kuma sauya suna ɗaya a takarda ya fi masa sauƙi a kan amsa tambaya a ofis.

Ɗakinku na mutum biyu ne, gado sama da ƙasa, galibi babu taga. Ƙarfe uku na rana da uku na dare duhunsu ɗaya ne. Ka sayi agogon hannu mai araha da agogon ƙararrawa mai batir, ka ajiye na biyun inda sai ka sauko daga gado za ka kashe shi. Wayarka kuma ka hana ta sauya lokaci da kanta. Jirgi yana da nasa lokacin, wanda kyaftin ya tsayar, ba lallai ya yi daidai da na gari ba. Misali, jirgin da ya taso daga Miyami a watan Yuli ya je Kozumel a Meziko zai tarar da garin yana baya da sa'a ɗaya, kuma sau da yawa jirgin ba ya sauya nasa. Wayarka za ta ce ƙarfe uku, jirgi yana kan huɗu. Lokacin dawowar ma'aikata yakan riga na fasinja, ana rubuta shi a bakin gadar sauka. Ka ɗauki hotonsa, ka ɗauki lambar wakilin jirgi na wannan tashar. Jirgi ba ya jiran mai karaoke.

Ranar da ka hau za a ba ka kati mai ɗauke da lambarka da aikinka na gaggawa. Ka haddace shi kafin ka haddace sunan abokin ɗakinka. Ƙararrawar gaggawa busa ce gajera bakwai ko fiye, sai doguwa ɗaya. Mu 'yan nishaɗi sau da yawa mu ake sawa a matakala muna nuna hanya, ko a wurin taruwa muna kiran suna da nuna yadda ake sa rigar ceto, domin mun saba magana a gaban ɗaruruwa ba tare da murya ta yi rawa ba. Tun bayan da jirgin shaƙatawa Costa Concordia ya kife a gaɓar tsibirin Jiliyo na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, aka tsaurara doka: dole a yi wa fasinja bayanin ceto kafin jirgi ya tashi ko kuma da zarar ya tashi. Atisayen ma'aikata kuma kowane mako ne, kuma yakan faɗo da safiyar ranar da ka ci burin fita gari. Masu binciken tsaron gaɓar Amurka na iya tsayar da kai su tambaye ka inda abin kashe wuta mafi kusa yake, da mutum nawa kwale-kwalenka ke ɗauka. A wurinsu murmushi ba amsa ba ce.

A ƙasan jirgi akwai doguwar hanya daga gaba har baya, wadda a jiragen Amurka ake kira I-95, sunan babbar hanyar motar gabashin ƙasar. Nan za ka iya tafiya da fuskarka ta gaskiya. Da ka tura ƙofar da ta fita ɓangaren fasinja, bajon sunanka a ƙirji, aiki ya fara, ko da shayi za ka saya. Za a tambaye ka ina banɗaki, ƙarfe nawa ake cin abinci, ko a jirgin kake kwana. Ka amsa kamar yau ka fara ji. Ranar sauke tsofaffin fasinja da ɗaukar sababbi ita ce mafi wuya, kamar tashar mota ce ranar jajibirin salla: da safe kana sallamar dubbai, kafin azahar kana yi wa wasu dubban maraba, su kuma ba ruwansu da cewa wannan barkwancin ka yi shi makon jiya.

Abin da na ga yana aiki a dandamali kaɗan ne. Ka riƙe suna. Tsohuwar da ta zo kacici-kacici ranar farko, in ka kira ta da sunanta rana ta uku, ita za ta rubuta naka a takardar jin ra'ayi, kuma waɗannan takardun ake dubawa wajen ƙarin girma da zaɓen jirgi. Kada ka taɓa siyasa, addini, ko jikin mutum. Ka mayar da dariyar kanka. Ka bar makirufo ya yi maka ihu, domin iskar sanyaya ɗaki tana busar da maƙogwaro, kuma muryar da ta dishe ranar Talata ba ta dawowa kafin Asabar. Ni ruwan ɗumi da citta da zuma nake yawo da su. A jiragen kamfanonin MSC da Costa ana sanarwa da harsuna da yawa a jere, don haka 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru masu Faransanci da Ingilishi suna da abin da yawancinmu ba mu da shi.

Ka kuma riƙe wasa ɗaya a aljihu wanda ba ya buƙatar komai sai bakinka. Babban zaure galibi a gaban jirgi yake, inda tangal-tangal ta fi ƙarfi. Idan iska ta taso a mashigin Biske da ke tsakanin Faransa da Sifen, ko a kudancin Faransa, ana soke wasan masu lilo a sama, wani lokaci har da na 'yan rawa, sai darakta ya waiwayo ya dube ka: minti arba'in, zaure cike. Jiri kuwa, ka karɓi ƙwaya a asibitin jirgi tun kafin ya fara, kada ka bar ciki wayam. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Dokokin da ke kora nan take ba su da yawa. Soyayya da fasinja, ko shiga ɗakinsa ba da aiki ba, a tasha ta gaba za a sauke ka, kuma kyamara tana ko'ina. Kada ka keɓe da yaro kai kaɗai. Faɗa, duka biyun ake kora, ba a tambayar wa ya fara. Ana gwajin barasa ba sanarwa. Sai amai da gudawa: da ka ji alama ka kira asibiti daga ɗakinka, a killace ka. Ɓoyewa don kada a ce ka yi lalaci laifi ne babba, saboda ƙwayar cutar noro, mai kawo amai da gudawa, tana bin hannu da makirufo ta kwantar da mutane da yawa cikin kwana biyu. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, tana shiga jirage ba zato ta ba da maki, kuma jirgin da makin tsaftarsa bai kai 86 cikin 100 ba ya faɗi.

Akwai maganar da ba zan ɓoye wa ɗan'uwa Musulmi ba. Rabin aikin mai gabatar da wasanni a mashaya ake yin sa, kuma a jirage da yawa kai za ka kira lambobin bingo, wanda kuɗi ake sawa a ci ko a rasa. Ka tambayi wannan tun a ganawar ɗaukar aiki, ka zauna da malaminka, ka yanke shawara kana kan tudu. Wasu da na sani sun koma sashen yara ko na sauti da fitila saboda haka. Salla kuwa tana yiwuwa in ka tsara ta. Alƙibla tana juyawa da jirgi, don haka ka duba taswirar tafiya a talabijin ɗin ɗaki ka gane inda aka dosa, ka kuma nemi sanin hukuncin salla a jirgi da na haɗa salloli kafin ka baro gida. Ka nemi 'yan Indunusiya, suna da yawa a kicin da sashen ɗakuna. Su suka san ɗakin da ake taruwa, su kuma za su ajiye maka abin sahur a azumi. A ɗakin cin abincin ma'aikata shinkafa da kifi da wake irin na Indiya ba sa yankewa.

Fita gari ba kullum ba ne. Dole wani kaso na ma'aikata ya zauna a jirgi ko da yana tasha, saboda gobara, kuma ana yin abin bi da bi. Shawarata: tunda jirgi zai dawo Barsalona ko Nasau ta Bahamas mako mai zuwa, kada ka yi rowar barci don ganin gari. Tasha ɗaya ka fita, ta gaba ka kwanta. In ka fita, bi Filifinawa, sun san inda intanet ke da ƙarfi da inda ake aika kuɗi gida da rahusa.

Abinci da makwanci kyauta ne, don haka albashi yana taruwa in ka bar shi. Abin da ke cinye shi kantin ma'aikata ne, da intanet, da saye-sayen tasha. Ka ware kuɗin wata biyu, domin tsakanin kwantiragi da kwantiragi ba abin da zai riƙa shigowa. Kafin ka sauka ka karɓi takardar kimanta aikinka, ka tabbata an buga maka hatimi a littafin ɗan teku, ka kuma duba ranakun takardunka: shaidar likita ba ta wuce shekara biyu, horon gobara da na tsira a ruwa ana sabunta su duk shekara biyar, kuma ba a kiran wanda takardarsa za ta mutu a tsakiyar kwantiragi.