Hoton IRM na laka da ƙarancin bitamin B12: inda sabbin likitoci ke tuntuɓe

Ƙannena likitoci, bakina ya gaji da wannan magana. Mutum ya taso daga Dakoro ko Tasawa, ƙafafunsa sun yi dindiris, takalmi na fita bai sani ba, in ya rufe ido wajen alwala sai tangaɗi. Ku kuma sai ku rubuta masa IRM, wato hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu ke ɗauka, na ƙugu. Haba! Laka tana ƙarewa ne wajen L1 zuwa L2, wato gaɓoɓin ƙashin baya biyu na farkon ƙugu, ɓarnar ƙarancin B12 kuwa a wuya da saman baya take zama. Me za ku gani a ƙugu?

Abin da kuke gani shi ne faifan ƙashin baya ya ɗan turo, irin na kowane dattijo, ku ɗora masa laifi. Haka aka yi wa wata inna mai ciwon suga, wadda ta shekara da shekaru kan metformine, maganin da ke rage shigar B12 cikin jiki. 'Ya'yanta suka sayar da gero suka biya hoton da bai da amfani, har ana zancen tiyata. Kafin ta iso hannuna watanni sun wuce. Allurar B12 ta tsayar da ciwon, amma sandar tana hannunta har yau.

In an ɗauki wuyan ma, kada ku tsaya ga yankan tsaye. Ni yankan gicciye na T2, salon hoton da ruwa ke fitowa fari, nake fara buɗewa: fari a bayan laka, dama da hagu daidai, kamar harafin V a kife.

Hoto ya fito tas? Wannan bai wanke mara lafiya ba, sau da yawa IRM ba ya nuna komai alhali jijiya na lalacewa. Ku ɗora ƙarfen girgiza na 128 Hz a idon sawu ku ga ko yana jin girgizar, ku ɗebi jinin gwajin B12 kafin allurar farko, sannan ku fara B12 mikrogram 1000 ba jira. Masu ba da asid folik shi kaɗai don jini ya yi ƙasa, ku ji tsoron Allah: jinin zai gyaru, laka na ci gaba da mutuwa.

Sida, tunjere da ƙarancin sinadarin jan ƙarfe duk suna ba da irin wannan hoto, a gwada su. Ku tambaya ko an taɓa yi masa tiyatar tumbi, don tana rage shigar B12. Allurar gadolinium, mai ƙara hasken hoto, kuwa galibi ƙarin kuɗi ce kawai, sai in kuna zargin ƙari ko kumburi.