Daga wurin aiki zuwa intabiyu: kurakuran sutura da na gaji da gani

Makon jiya wani yaro ya shigo mana intabiyu da ƙarfe biyu da rabi, rigarsa ta manne da gadon bayansa saboda gumi, katin shaidar inda yake aiki yana reto a wuyansa. Takardunsa ba su da matsala. Amma tun kafin ya zauna, Hajiyar da ke kusa da ni ta karanta sunan da ke jikin katin, ta ce min ƙasa-ƙasa, "Ai mai wurin nan surukin yayana ne." Na daɗe ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata na ɗan kamfanin da nake yi wa aiki a nan Gombe, kuma kusan duk wanda ya zo mana daga bakin aikinsa sai ya maimaita abin da na baya ya yi.

Babban kuskuren shi ne saka kayan intabiyu tun da safe a tafi da su aiki. Wannan ni ma na yi shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin ina tsaron shagon taki da maganin feshi, aka kira ni intabiyu ƙarfe biyu na rana, cikin watan Afrilu. Wanda ya san Gombe ya san zafin Maris da Afrilu, rana takan kai maki 40 ko ta kusa. Na tashi da asuba na zura farar shaddata ta sallah, ta sha sitaci da bugu, na kafa hula. Ina shiga shago maigidana ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, yau ɗaurin auren wa za mu?" Na ce babu, wanki ne ya taru. Ya yi murmushi kawai. Wajen sha ɗaya motar taki ta iso, ni ne mai ƙirgar buhu, na tsaya a rana ana saukewa ƙura tana sauka a kaina. Na yi alwalar Azahar hannun riga ya jiƙe, ƙurar ta koma taɓo. Na hau acaɓa daga bakin babbar kasuwa, iska ta fizge hular, muka tsaya na tsince ta a gefen kwalta. Da na isa, shaddar ta yamutse kamar an ciro ta daga bakin akuya. Duk tambayar da aka yi min hankalina yana kan hammatata, ina ta matse hannu. Ban samu aikin ba. Shi kuma maigida ya riga ya gane inda na dosa, ƙarshen wata ya ce ɗan ƙanwarsa zai karɓi shagon. Ba tsuntsu ba tarko.

Tun daga nan, kayan intabiyu ba sa hawa jikina sai saura rabin awa. A goge su da dare, don wutar safe ba abin dogaro ba ce, a linke a saka jarida a tsakani, a zura a leda mai kauri. Ni abin da nake yi ma ya fi haka sauƙi: nakan nemi mai wanki da guga kusa da inda za a yi intabiyun, in kai masa tun jiya in ce gobe bayan Azahar zan zo. In yi sallah da kayan aikina, in wanke fuska da wuya, sannan in sauya a bayan shagonsa. Idan kana da aboki mai shago a Jekadafari ko ɗan uwa a Tudun Wada, ka fi ni gata. Ka riƙe singileti na biyu, domin sabuwar riga a kan jiƙaƙƙiyar singileti aikin banza ne. Daga nan kuma kada ka hau acaɓa, ka ɗauki shatar Keke Napep ko da kuɗin zai ciji aljihunka. Wasu abokan aikina suna cewa wannan wahala ce, a saka kaya masu ɗan kyau da safe kawai a lallaɓa. Su a ofis mai sanyi suke wuni.

Na biyu shi ne na yaron can: zuwa da rigar kamfani, ko yunifom, ko kati a wuya. Haba ƙanina! Tun 1996 Gombe take babban birnin jiha, amma wajen sanayya har yau gari ne ƙarami. Mutum uku a kwamiti, da wuya a rasa wanda yake masallaci ɗaya ko majalisa ɗaya da maigidanka. Ba sai kowa ya yi niyyar kai tsegumi ba, a hirar bayan Isha'i maganar za ta fita. Ban da wannan, rigar tana gaya mana ka sato lokacin wani ne ka zo, sai mu fara tunanin haka za ka yi mana. In an tambaye ka inda kake aiki ka faɗa da bakinka, ka roƙi a rufa maka asiri, mutane suna mutunta hakan. Masu bautar ƙasa ma su ji: kaki na ranar taron CDS ne, wato ranar hidimar al'umma, a bar shi a gida. Ma'aikaciyar jinya da ta fito daga aikin dare kuwa, warin asibiti yana bin yunifom, ke ce kaɗai ba kya jin sa.

Akwai dabara ɗaya da ba kowa ke lura da ita ba. Idan aka ba ka zaɓin rana, ka ce Juma'a da safe. Ranar kowa yana cikin manyan kaya, hatta ma'aikatan banki sukan ajiye kwat su saka kaftani, don haka ba wanda zai tambaye ka ɗaurin auren wa.

Kan me za a saka, ban ga dalilin jayayya ba. Ma'aikatar gwamnati, makaranta, kamfanin 'yan kasuwa, kaftani mai tsabta da hula ya wadatar. Banki ne ke son kwat da lakataye, shi ma in aro za ka yi ka gwada tun kwana biyu, kada hannun ya rufe maka yatsu. Babbar riga a bar wa masu ɗaukar aikin. Fari ni na haƙura da shi, yadi mara nauyi ruwan ƙasa nake saka, ya fi ɓoye ƙurar hunturu. Wanda zai taso daga Kumo ko Bajoga, ko ya shigo motar haya daga Bauchi, kada ya ma fara tunanin zama da kayan a jiki.

'Yan uwa mata, ƙanwata malamar firamare ce, kuma ita ta koya min cewa hijabi na biyu a jaka ya fi komai amfani, don alli ba ya barin na safe. Humra kaɗan. Ɗakin intabiyu ƙarami ne, sau da yawa taga a rufe, mun taɓa dakatawa muka buɗe ƙofa saboda wani dattijo a cikinmu ya kama atishawa. Hoda mai nauyi tun safe za ta narke kafin rana ta raba.

Silifas ɗin alwala ba takalmin intabiyu ba ne. Sabon takalmi sau-ciki da ba a taɓa takawa ba zai sa ka shigo kana ɗingishi. A saka ɗan tsumma a aljihun jaka a share ƙura a bakin ƙofa. Goro da albasar abincin rana, a kuskure baki. Ledar da ka zuba kayan aikinka kuma kada ka shigo mana da ita tana ƙara, ka bar wa mai gadi ka ce, "Baba, don Allah ajiye min wannan, yanzu zan fito."