Waƙa daga cibiya take tashi

Wani yaro na unguwarmu, nan Bilbis cikin Tawa, ya same ni bayan la'asar ya ce, "Kawu, saurare ni, so nake wata rana in shiga gasar waƙa ta Ɗan Gurmu." Na ce bismilla. Murya kam Allah ya ba shi, amma kafin ya kai ƙarshen baiti iska ta ƙare masa, jijiyoyin wuya sun miƙe kamar mai ɗaukar buhun albasar Galmi. Ni da na yi shekara bakwai ina amshi kafin maigidana ya bar ni in ja waƙa, na san ciwon. Abin da na gaya masa ne nake rubutawa.

A maƙogwaronka 'yan tantani biyu ne ƙanana, iska ke kaɗa su sauti ya fito. Ba su ke da ƙarfin ba. Ƙarfin yana ga wata tsoka da ke shimfiɗe ƙarƙashin huhu, wadda idan ta sauka sai ciki ya turo waje. Ka kwanta rigingine bisa tabarma, ka aza littafi a kan cibiya, ka shaƙi iska ta hanci. Littafin ne zai tashi, kafaɗu su tsaya cik. Sai ka saki iskar a hankali kana "sss" kana ƙidaya a zuci. In yau goma ka kai, kar ka matsa, bayan 'yan makonni ashirin za ta zo da kanta. Idan ya zauna maka a kwance, ka tashi tsaye ka maimaita, nan ne yawanci kafaɗun ke komawa halinsu.

Ɗan kokowa ba ya faɗawa fage jiki a sanyaye, kai ma haka. Minti goma kafin waƙa: baki rufe, ka yi "mmm" har ka ji leɓɓa da hanci suna zir-zir, sannan ka kaɗa leɓɓa "brrr" irin na yara masu kwaikwayon kabu-kabu, kana hawa kana sauka. Mutanen gida za su yi dariya. Bar su.

Yanzu batun kunne, wanda samarin yanzu suka fi rainawa saboda sun san na'urar situdiyo tana gyara murya. A filin biki ba mai gyara maka. Ka sa mai gurmi ya taɓa tsirkiya ɗaya, ko ka danna sauti ɗaya a fiyano na salula, ka saurara tukuna, sannan ka ɗora muryarka a kai har su haɗe ka kasa bambanta su. In waƙa ta fi ƙarfin muryarka a sama, sauko da ita, ba abin kunya ba ne. Kuma ka nemi inda za ka yi amshi. Ɗan amshi dole ya ji jagora, ya ji kalangu, ya ji na kusa da shi, ya shigo daidai gaɓa. Ban san makarantar da ta kai wannan ba.

Hausa kuma tana da nata sharaɗin. Kukan jariri da kukar miya karin sauti ne ya raba su, garin Tawa da garin tuwo kuwa tsawon wasali. In ka ja kalma inda ba a ja, ko ka ɗaga inda ake saukewa don ka bi kiɗa, tsofaffi za su ce ba ka iya Hausa ba. Ka fara faɗin baitin da baki kamar kana hira, sau uku, sannan ka rera shi bisa wannan karin. Buɗe baki sosai, haƙora kar su haɗe. Ka ɗauki kanka a salula ka saurara washegari. Ranar farko ba za ka so abin da ka ji ba.

Wata shekara da hunturu, a wani biki, lasifika ta mutu na ci gaba da ihu cikin ƙura har dare ya raba. Kwana tara ban yi magana ba. Tun daga nan nake rufe hanci da baki da rawani idan iska ta taso, nake kurɓar ruwa duk yini ba sai ƙishi ya kama ni ba, shayi kuma bai maye gurbin ruwa. Taba da shisha ba sa zama gida ɗaya da waƙa. Idan murya ta dushe ka yi shiru, kar ka koma raɗa, ita ma gajiyar da maƙogwaro take. In dushewar ta wuce mako biyu, tafi wurin lokotoro.

Yaron ya ce, "To Kawu, yaushe zan fara tawa waƙar?" Na ce ya zo ranar Alhamis da littafinsa da tabarma, akwai bikin da za mu je Asabar, zai tsaya a baya ya karɓa.