Kurakuran masu haɗa ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa: sansar karkata da wayoyinta

Na gaji da ganin matasa sun sayo MPU6050, sansar da ke auna karkatar jirgi, sun haɗa da Arduino, ƙaramin allon kwamfutar da ke ba da umarni, jirgi ya kafa kai ya nutse, su ce sansa jabu ce. Mafi yawan lokaci lafiyarta lau.

Babban kuskure shi ne a ɗora wa sansa aikin da ba nata ba. Kafin ka jona mata waya, saka jirgin a baho, komai a kashe, ka ga zamansa. Idan hanci ya yi ƙasa ko ya kwanta gefe, gyara da dalma a can ƙasan ciki, abin da ke sa shi yawo kuma a sama. Nauyi a ƙasa shi ke miƙar da jirgi da kansa. Fikafikan baya ba sa aiki sai jirgi na tafiya, to wace sansa ce za ta miƙar da karkataccen jirgi yana tsaye? Bayan nan ka duba alkibla: kunna komai, ka sunkuyar da hancin jirgin da hannu, gefen baya na fikafikan baya dole ya ɗaga sama. Idan ƙasa ya yi, ka juya sansar ko umarnin, don na'urarka da kanta za ta kai jirgin cikin laka. Gwajin minti ɗaya ne, amma gaggawa ba ta bari. Kuma kada a cika ƙarfin gyara, wato yawan motsin da fikafikai ke yi idan jirgi ya karkata, jirgi zai riƙa sama da ƙasa ba tsayawa. Ni daga ƙasa nake farawa, in riƙa ƙarawa har ya fara rawa, sannan in rage kashi ɗaya cikin uku.

Kuskure na biyu na nan Sakkwato ne, kuma shi ya fi ba ni haushi. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40. Mutum ya rufe bututun da kayan lantarkin jirgin ke ciki a tsakar rana, ya shanya shi a bakin tafkin Kware yana hira, sannan ya tsoma a ruwa. Iskar ciki ta yi sanyi ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta bakin robar rufi ko ta sandar farfela, gumi kuma ya kwanta kan allon. Haba malam! Rufe a inuwa, jefa ƙunshin silika mai tsotse danshi a ciki, ka bar jirgin cikin ruwa minti 10 kafin ka saita sifirin sansa, wato karatunta idan jirgi na zaune daidai, domin jairo, ɓangaren sansar da ke auna juyawa, na sauya karatu da sauyin zafi. Robar rufi giris na silikon nake shafa mata, bayan na goge ƙurar hunturu, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta buɗe wa ruwa hanya.

Kada ka dogara da ɗaya ɓangaren sansar, ma'aunin hanzari, shi kaɗai: da ka ba inji wuta zai ɗauka karkata ce. Gauraya karatun, 0.98 daga jairo, 0.02 daga shi.

Liƙa sansa da soso mai gam, nesa da inji, kada ta yi lilo a kan waya.

Inji mai burushi na son kafasita mai lamba 104 guda uku, don rage hayaniyar lantarki: ɗaya tsakanin ƙafafunsa, biyu daga kowace ƙafa zuwa jikinsa.

Sarbo, ƙaramin injin da ke motsa fikafikai, kada ya sha wuta daga Arduino, ba shi tasa bolt 5, amfiya 3, a haɗa baƙaƙen wayoyin, wato na negatif, wuri ɗaya.

Rimot mai 2.4 GHz ba ya ratsa ruwa, na 27 ko 40 MHz ake nema. Kuma ka rubuta umarnin cewa idan sigina ta ɓace daƙiƙa 2, inji ya tsaya, tankin nutsewa ya fitar da ruwa. Gulbin Rima da damina ja wur yake, abin da ya nutse ba a ganinsa.