Yadda za ka saita ƙarfin karɓar rediyonka, ka kuma karanta allurar S daidai

Yawancin sababbin shiga harkar rediyon 'yan sha'awa, da zarar sun kunna akwatin gajeren zango sai su murɗa maɓallin RF, mai saita ƙarfin karɓa, har ƙurya, su danna PRE, wato sashen ƙara wa sigina ƙarfi, su zauna suna murna allurar S, mai nuna ƙarfin sigina, ta haura S7. Alhali ba kowa ke magana a wurin ba, hayaniya ce kawai allurar take aunawa. Ƙarin ƙarfi yana ɗaga murya da hayaniyar da ke kewaye da ita tare, don haka ba ya sa ka ji abin da da can ba ka ji. Sau da yawa ma ragewa ce ke fito da muryar.

Kafin ka taɓa komai, ka san abin da lambobin suke nufi. A shekarar 1981 reshen Yanki na 1 na IARU, ƙungiyar masu rediyon 'yan sha'awa ta duniya, wanda Afirka da Turai suke ciki, ya ba da shawarar ma'auni: a gajeren zango S9 na nufin maikrovolt 50 a bakin eriya mai om 50, wato -73 dBm a ma'aunin ƙarfin sigina, kuma tsakanin kowace lamba da mai bi mata desibel 6 ne. Sama da megahaz 30, S9 maikrovolt 5 ne kacal. Desibel 6 ninki huɗu ne na ƙarfin watsawa. Ke nan wanda yake magana da wat 100 sai ya kai wat 400 kafin allurarka ta matsa lamba ɗaya tak. Bayan S9 kuma ba a ci gaba da S10, sai a ce S9 da ƙarin desibel 10, 20, har 60.

Yanzu fara da gwajin eriya, domin shi ne zai gaya maka ko kana bukatar ƙarin ƙarfi. Kashe PRE da ATT, maɓallin rage sigina, kai RF ƙarshe, ka nemi wurin da ba kowa a zangon da kake son yin aiki. Cire eriya ka saurari shuu ɗin da rediyon yake yi shi kaɗai, sannan ka mayar da ita. In hayaniya ta ƙaru a fili, to rediyon ya riga ya kai ga jin duk abin da eriyar ta kawo, PRE ba shi da aikin yi. In kuwa kusan ba ka ji bambanci ba, nan ne za ka kunna shi. A zangunan mita 10 da mita 15 hakan yakan faru. A mita 80 da 40 kuwa da wuya, musamman da damina lokacin da walƙiya daga nesa take cika zangon da ƙas-ƙas, ga kuma inbatar sola da cajar waya da ƙwan LED na maƙwabta suna zuba tasu hayaniyar. A rediyon Yaesu za ka ga an rubuta IPO, a Kenwood AIP. Danna su na nufin an tsallake sashen ƙarin ƙarfin, kuma a waɗannan zangunan na ƙasa haka ya kamata ka bar su.

Sai ATT, wanda yake rage siginar tun daga ƙofa. Mutane suna jin tsoronsa kamar zai kurmantar da rediyo, amma gwada shi da magariba a mita 40. Zangon 'yan sha'awa a yankinmu yana tsayawa ne a megahaz 7.2, daga nan kuma manyan gidajen rediyo na mita 41 suke farawa, masu watsawa da dubban wat. Idan suka yi wa sashen farko na rediyonka yawa, za ka fara jin kiɗa da surutai cakuɗe a inda bai kamata ba, ko a rediyon Icom IC-7300 ka ga OVF, alamar sigina ta yi yawa, yana ƙyaftawa. Danna ATT. In waɗannan muryoyin sun ɓace ɗungurum alhali tashar da kake bi ta ɗan ragu kawai, to dama a cikin rediyonka aka haife su, ba daga iska suka zo ba.

Maɓallin RF shi ne ya fi rikita mutane, saboda a yawancin rediyoyi kana rage shi allura tana hawa sama. Ba lalacewa ba ce. Allurar ba ta auna sigina kai tsaye, tana nuna yadda AGC, wato sashen da ke daidaita ƙarfi da kansa, yake danne rediyon. Da ka rage RF da hannu, ka yi dannewar da kanka, sai allura ta tsaya a wurin ta ƙi saukowa. Yi amfani da wannan. In hayaniyar zango tana S5, abokin maganarka yana S8, rage RF har allura ta zauna wajen S6 ko S7, sannan ka ƙara AF, maɓallin ƙarar sauti. Za ka ji shuu ɗin da yake kumburowa duk lokacin da ya yi shiru tsakanin kalmomi ya kwanta, kunnenka ya huta. Sai dai ka tuna mayar da shi in za ka koma farautar tashoshi masu rauni. AGC kuma ka sa shi a hankali don SSB, salon aika murya, ka sa mai sauri don Mos, saƙon gajeru da dogayen sautuka, ko lokacin da kake zagaye zango.

Kada ka ɗauka allurar rediyonka tana bin ma'aunin 1981. Da yawa an saita su daidai a S9, amma ƙasa da haka tazarar lamba ɗaya takan zama kusan desibel 3, ba 6 ba. Kana iya ganewa ba tare da kayan awo ba. Duba littafin rediyon ka ga desibel nawa ATT ɗinsa yake ragewa, ka sami sigina mai tsayuwa, ka danna. In desibel 12 ne, lamba biyu ya kamata ta faɗi; in ta faɗi huɗu, ka gane halinta. Wata hanyar ita ce tashoshin alama na gidauniyar NCDXF da IARU, guda 18 a faɗin duniya, da suke karɓa-karɓa a kilohaz 14100, 18110, 21150, 24930 da 28200, kowace tana dawowa bayan minti 3. Kowace takan aika sunan kiranta, sannan dogayen sautuka huɗu da wat 100, 10, 1 da 0.1, wato faɗuwar desibel 10 kowane taki. ZS6DN ta Afirka ta Kudu tana cikinsu. Sai ka saurara sau da yawa, domin dushewar sigina a iska tana iya ɓata maka lissafi.

Idan aka zo ba da rahoto, mayar da RF ƙarshe, kashe PRE da ATT, sannan ka karanta inda allura take kaiwa a ƙololuwar magana. Rahoton lambobi biyu ne: lamba ta farko, daga 1 zuwa 5, ta yadda ake fahimtar magana ce, kuma kunne ne yake yanke ta. Ta biyu, daga 1 zuwa 9, ita ce ta ƙarfi. A gasa kowa 59 yake rabawa don sauri, wannan an sani. Amma mutumin da ya ɗaura sabuwar eriya ya ce ka auna masa, ba ka kyauta masa ba in ka ce 59 bayan ka sa ya maimaita sunansa sau uku. Ce masa 45, ka ƙara da cewa hayaniya a wurinka S4 ce, PRE a kashe. In ya sauya eriya ya sake tambaya, kada ka taɓa ko maɓalli ɗaya tsakanin awon farko da na biyu.