Yadda za mu kafa asusun ciwo da tsufa a Magazin, irin na Croizat

Salamu alaikum 'yan uwana na Magazin, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe, da Aboabo a Kumasi. Kullum sai ƙarfe ya sare wa yaro hannu ko masta ya kwanta ciwo sannan mu fara yawo da kwano shago shago, wallahi abin nan yana ci min rai. Akwai wani ma'aikacin ƙarfe irinmu a Faransa, Ambroise Croizat, an haife shi 1901, yana shekara 13 ya shiga aikin masana'anta, ɗan kwaminis ne, ya sha kurkuku tun 1939 har aka kai shi Aljeriya sai 1943 aka sake shi, ƙarshen 1945 ya zama ministan ƙwadago, shi da wani babban ma'aikacin gwamnati, Pierre Laroque, suka tsayar da inshorar lafiya da fanshon da Faransawa ke ci har yau. Ba aƙidarsa nake kira a bi ba, dabarar aikin nake so mu ɗauka.

Toh ku fara da haɗe kuɗin wuri ɗaya. Kar masu walda su yi nasu, masu fenti nasu, makanikai nasu, asusu ɗaya ya ɗauki ciwo da rauni a bakin aiki da tsufa, haka su Croizat ma suka yi don ƙananan asusu saurin mutuwa suke.

Sai zubi. Wannan ba susu (adashi) ba ne da kowa zai kwashe abin da ya zuba, kowa ya ba da daidai ƙarfinsa kuma ya karɓa daidai buƙatarsa, masta mai shago uku ba zai zuba kuɗi daidai da yaron da bai gama koyo ba, amma ranar da yaron ya ƙone a yi masa magani cikakke, nan ne za a yi ta gardama, ku zauna bayan Juma'a ku daddale shi a rubuce kafin a karɓi ko kwabo.

Masu riƙo kuma ku zaɓe su da ƙuri'a. A tsarin Croizat kashi uku cikin huɗu na kujerun masu kula da asusun ma'aikata ne ke kai, masu kamfani kashi ɗaya, mu ma yara da leburori su fi mastoci yawa a kwamiti. Kuɗin ya kwana a banki da sa hannun mutum uku, kar ya zauna a asusun waya na MoMo na mutum ɗaya ko da alhaji ne, duk wata a karanto lissafi a gaban kowa.

Kuɗin farko da ya taru a sabunta wa kowa katin NHIS na inshorar lafiya ta ƙasa, ta *929# ma ana yi.

Kuma dan Allah kar a ja lokaci, shi Croizat a watan Mayu 1947 aka fitar da 'yan kwaminis daga gwamnati, ya rasu 1951, da ya tsaya jira da bai gama komai ba. Wannan Juma'ar mutum goma sun isa a buɗe littafi.